Retinol na The Ordinary: Yana Rage Tamojin Fuska, Amma Kwalbarsa Ba Ta Jure Zafinmu

A cikin tulin mayukan da ake tallatawa da sunan maganin tamoji da yamushewar fuska, kaɗan ne likitan fata zai iya tsayawa ya ba da shaida a kansu. Waɗanda ke kan gaba su ne dangin bitamin A, kuma retinol yana cikin waɗanda ake samu ba tare da takardar likita ba. Wanda muke dubawa a nan shi ne Retinol in Squalane na The Ordinary, wanda ya cika shafukan masu sayar da kayan gyaran fata a Instagram da WhatsApp. Hukuncinmu a kansa shi ne yana aiki a kan ƙananan layukan fuska, kuɗinsa ba ya karya aljihu, amma mai ƙarfin 0.2% ne kaɗai ya dace da mai farawa, kuma yadda aka zuba shi a kwalba babban rauni ne ga mazauna ƙasa mai zafi.

The Ordinary na kamfanin DECIEM ne da ke Toronto a Kanada. An fito da kayan The Ordinary kasuwa a 2016, kuma yanzu DECIEM yana hannun Estée Lauder, kamfanin kayan kwalliya na Amurka. Retinol ɗin nasu yana zuwa a ƙarfi uku, 0.2% da 0.5% da 1%, kowanne a kwalbar gilashi mai duhu ta mililita 30 da murfi mai bututun ɗiga. Babu ruwa a cikinsa ko kaɗan. Mai ne zalla: mafi yawansa sikwalen, wani mai marar nauyi da ya yi kama da wanda fatar mutum ke fitarwa da kanta, sai man jojoba, sai retinol ɗin, sai 'yan sinadaran da ke hana shi lalacewa, ciki har da abin da aka tatso daga tumatir da ganyen rozmeri. Ba a sa masa turare ba, kuma wannan alheri ne, domin turare na cikin abubuwan da suka fi tayar wa fuska da ƙaiƙayi. A ƙasashen da kamfanin ke sayar da shi kai tsaye kuɗinsa bai kai dala 15 ba. Abin da ya hau kai a wajenmu kuɗin dako ne da canji da ribar mai kawowa.

Kafin a yi masa hukunci na adalci sai an san abin da ake nema ya gyara. A ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani sashe mai kauri da ke cike da zaruruwan kolajin, su ne ke riƙe fuska ta tsaya cas. Da mutum ya wuce shekarun samartaka, kolajin ɗin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, kuma ga mata raguwar tana yin sauri sosai a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Rana tana ƙara ɓarna, domin haskenta yana tayar da wasu sinadarai a cikin fata masu tsinka zaruruwan. Hayaƙin taba ma haka yake yi. Baƙar fata tana da garkuwar melanin, sinadarin da ke ba fata launi, shi ya sa tamoji ke jinkirin bayyana a fuskokinmu idan aka kwatanta da Turawa. Abin da ya fi saurin nuna shekaru a wajenmu shi ne rashin daidaiton launi: kumatu su yi duhu, goshi ya yi wani launi, gefen baki wani. Layukan sai su biyo baya, a gefen ido da ƙasan ido da goshi.

Retinol ba ya aiki yadda aka shafa shi. Fata ce ke juya shi mataki biyu har ya zama sinadarin da ƙwayoyinta ke jin maganarsa, wato asid ɗin bitamin A, wanda shi ne likitoci ke rubutawa da sunan tiretinoyin. Da ya kai wannan matsayi sai ya sa fatar sama ta riƙa sabunta kanta da sauri, ya rage tsinkewar kolajin, ya kuma sa a ƙera sabo. Wannan juyawa ta mataki biyu ita ce dalilin da ya sa retinol ya fi tiretinoyin sauƙi a fuska, ita ce kuma dalilin da ya sa ya fi shi jinkiri. Hujjar dangin ta daɗe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tiretinoyin don ƙurajen fuska a 1971, sannan a 1995 ta amince da shi don ƙananan tamoji. Shi kuwa retinol, wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a 2007 ya gwada mai ƙarfin 0.4% a hannun tsofaffi tukuf, ana shafa musu har sau uku a mako na tsawon mako 24, aka kuma ga ƙananan layukan sun ragu a hannun da aka shafa wa idan aka kwatanta da ɗaya hannun. A lura da abu biyu a nan: ƙarfin bai kai rabin kashi ɗaya ba, kuma sai da aka yi kusan wata shida.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai saye ya riƙe. A wata na farko babu abin da za a gani sai wataƙila bushewa. Daga mako takwas zuwa goma sha biyu fuska takan fara santsi, hoda ta riƙa zama lafiya ba ta taruwa a cikin layuka, tabon tsofaffin ƙuraje ya fara dusashewa. Raguwar layukan gefen ido sai an kai wata huɗu zuwa shida. Kuma raguwa ce, ba ɓacewa ba. Zurfafan layukan nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki, da kumatun da suka zubo, da tattarewar da ke tsakanin gira, duk wannan mai ba zai taɓa su ba. Na gefen hanci daga raguwar kitse da ƙashin fuska suke zuwa, na tsakanin gira kuwa daga motsin tsoka, abin da ake yi wa allurar Botox wadda aikinta ke ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Duk mai sayarwar da ta nuna hoton tsohuwa ta koma budurwa a mako biyu da wannan kwalba ta zalunci mai saye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen mai 1% da tunanin tunda kuɗin kusan ɗaya ne gara a ɗauki mafi ƙarfi. Ga farar fata, sakamakon wannan gaggawa ja ne da saɓa na 'yan kwanaki, sai ya wuce. Ga baƙar fata ba haka abin yake ba. Duk inda fatarmu ta ƙone ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke yin melanin sukan zuba launi fiye da kima, sai wurin ya bar baƙin tabo da kan yi watanni kafin ya tafi. Mace ta sayi mai don layi biyu a gefen ido, ta ƙare da baƙin zobe a kewayen baki da gefen hanci, wanda ya fi layukan fitowa fili nesa ba kusa ba. Don haka a fara da 0.2%. Wanda fuskarsa ta yi wata uku tana karɓar 0.2% kusan kullum ba zogi ba saɓa zai iya hawa 0.5%, kuma mafi yawan mutane nan ya kamata su tsaya. Ko a Tarayyar Turai dokar da aka fitar a 2024 ta tsayar da iyakar retinol a man fuska a kan 0.3%, duk da cewa dalilinsu shi ne gudun kada bitamin A ya taru wa mutum daga abinci da kayan shafa a haɗe.

Da dare ake shafa shi, domin hasken rana yana lalata retinol. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan alwalar ƙarshe ta dare, idan an tabbata ba za a sake wanke fuska ba sai asuba. A wanke fuska da sabulu mai laushi marar yawan kumfa, a tsane ta da tawul ba tare da gogawa ba, sannan a dakata minti goma sha biyar zuwa ashirin har ta bushe ƙarau. Wannan jira yana da dalili: jiƙaƙƙiyar fata tana zuƙar sinadarin da sauri da yawa, kuma nan zogin ke farawa. Kafin a ɗauko kwalbar, a ɗan lakaci Vaseline a shafa siriri a kusurwar ido da gefen hanci inda ya haɗu da kumatu da kusurwar leɓe, domin mai yana gangarawa ya taru a waɗannan lunguna, kuma su ne ke fara tsagewa. Sai a ɗiga ɗigo biyu, in fuskar mai faɗi ce uku, a tafin hannu, a dangwala a goshi da kumatu biyu da haɓa, a baje a hankali. Fatar ido ta sama ba a shafa mata. A ƙasan ido a tsaya a kan ƙashin da yatsa ke ji, kada a matsa kusa da gashin ido. Bayan 'yan mintuna a bi da man fuska mai laushi. Mai fata mai saurin tashi ta juya tsarin: man laushi da farko, retinol a kai, sai wani siririn man laushin a sama.

Mako biyu na farko, dare biyu kacal a mako, a kuma raba su, kamar Litinin da Alhamis. Idan lafiya lau, mako biyu na gaba a koma dare uku. Daga nan a riƙa tsallake dare ɗaya. Ba dole ba ne a kai ga kullum, domin binciken da muka ambata ma bai wuce sau uku a mako ba. Kafin duk wannan, a gwada ɗigo ɗaya a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi a ga yadda wurin zai kwana biyu.

Ɗan bushewa da saɓa mai kama da garin alli a gefen hanci a makonni na biyu zuwa na huɗu ba abin tsoro ba ne. Mai yawan ƙuraje ma zai iya ganin sun ɗan ƙaru kafin su lafa. Abin da ke nuna an wuce gona da iri shi ne fuska ta riƙa raɗaɗi idan ruwan alwala ya taɓa ta, ko ta yi ƙyalli ta ɗaure, ko man da aka saba shafawa shekara da shekaru ya fara zafi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka kada a jira ganin ja. Toka-toka da duhun da ba a saba gani ba su ne alamar. Idan haka ta faru a ajiye kwalbar mako ɗaya zuwa biyu, a tsaya ga wanki mai laushi da man laushi, sannan a dawo da rabin yadda ake yi a da. Kumburin ido ko leɓe ko borin jini kuwa, a daina gaba ɗaya a je asibiti.

Yanayi ma yana da ta cewa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi munin lokacin farawa, saboda iska ta riga ta busar da fata, leɓe na tsagewa, ƙura na shiga ko'ina. Wadda ta riga ta saba ta rage zuwa dare biyu a mako, ta ƙara man kaɗanya ko Vaseline a saman man laushi idan fuskarta ba mai yawan ƙuraje ba ce. Damina ta fi dacewa da mai farawa, lokacin da iska ke da laima. Sai dai a lokacin zafi da gumi, mai fuska mai maiƙo zai ji wannan haɗin ya yi masa nauyi. Sikwalen ba ya cika toshe ƙofofin fata, amma yakan yi minti ashirin ko fiye yana ƙyalli kafin ya shige, kuma idan aka kwanta nan take rabinsa a jikin matashin kai zai ƙare. Ga busasshiyar fata da fatar da ta manyanta, wannan maiƙon shi ne babban abin yabonsa, domin yana rage bushewar da retinol ke jawowa.

Akwai abubuwan gyaran jikinmu da ba sa shiri da shi sam. Halawa ita ce ta farko. Fatar da ke kan retinol samanta ya yi laushi, idan aka manna halawa a gira ko saman leɓe ko gefen fuska aka fizge, takan taho da fata, ta bar ɗanyen ciwo, ciwon kuma ya bar tabo. A daina retinol aƙalla mako guda kafin a yi, kada a koma sai wurin ya huce. Dilka da kurkur da duk wani abin gurza fuska haka suke. Amaryar da za ta shiga gyaran jiki ta ajiye kwalbar tun mako biyu kafin a fara, kuma kada ta soma retinol ana saura wata ɗaya biki, domin ranar ɗaurin aure za ta faɗo daidai lokacin saɓa. Sabulun salo yana da kaifi, yana kwashe maiƙon fuska tas, don haka a bar shi ga jiki. Lemun tsami a fuska kuwa a manta da shi. Kamfanin da kansa ya ce kada a haɗa wannan mai a shafi ɗaya da mayukan asid masu saɓe fata, ko bitamin C zalla, ko wani retinol ɗin. Mai son bitamin C ta shafa shi da safe.

Masu shafa man bilicin suna buƙatar magana ta musamman, kuma ba don zargi ba. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba marar suna suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, wasu da sinadarin dusashe launin fata haidirokwinon mai yawa, wasu har da makuri, ƙarfen nan mai guba. Sitiroyid yana sirantar da fata yana cinye kolajin, shi ya sa ake ganin mace ba ta kai arba'in ba amma fuskarta ta yamushe, jijiyoyi sun fito kore-kore a kumatu. Irin wannan fuska idan aka ɗora mata retinol ƙonewa za ta yi. Kuma daina sitiroyid ɗin farat ɗaya yakan sa fuska ta yi bore da ƙuraje da zafi. Hanyar ita ce a ga likitan fata ya tsara yadda za a janye a hankali, fata ta farfaɗo, sannan a yi zancen retinol.

Mai juna biyu da mai neman haihuwa ba nasu ba ne. An tabbatar dangin bitamin A da ake sha suna nakasa ɗan tayi, don haka likitoci suka hana na shafawa ma saboda kiyayewa. Mai shayarwa ta tambayi likita tukuna. Mai kircin fuska ko wani ciwon fata da ke tashi ya fara magance wannan.

Da safe kuma sai man kare rana, wanda ba don shi ba duk wahalar daren ta tashi a banza, domin abin da retinol ya gina rana za ta rushe, kuma tabo zai ƙara duhu. A nemi mai lamba SPF 30 ko sama. Adadin da fuska da wuya ke buƙata shi ne a matso shi a tsawon yatsu biyu, manuni da na tsakiya, daga tushe zuwa kai. Wani bincike da aka yi a garin Nambour na Ostareliya, aka buga a 2013, ya bi mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, ya tarar masu shafawa kullum tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Mafi yawansu fararen fata ne, amma ga baƙar fata akwai ƙarin dalili, wato hana tabo. Masu sinadarin zinki sukan bar farin toka a fuskarmu, don haka a nemi wanda ke shigewa ko mai ɗan launin hoda, wanda ke tare har hasken da ido ke gani, shi ma yana duhunta fata. Alwala tana wanke shi, saboda haka wanda zai fita bayan azahar ko la'asar ya sake shafawa. Hijabi da mayafi suna rufe wuya da gefen fuska amma sun bar goshi da hanci da kumatu a rana. Lema da hula mai faɗi suna taimakawa ƙwarai.

Sai zancen kwalba, inda wannan kaya ya fi ba mu takaici. Retinol ba ya jure iska da haske da zafi. Gilashi mai duhu ya tare haske, amma duk buɗe murfi iska ce ke shiga, kuma bututun yana fita ya dawo da wata iskar. Kamfanin ya ce a sa shi a firji bayan an buɗe, a kuma gama da shi cikin wata uku. A yi lissafi: mililita 30 ya kai ɗigo 600 ko fiye. Mai farawa da ke ɗiga uku sau uku a mako, a wata uku ɗigo ɗari da 'yan kai zai ci. Ko wanda ke shafawa kowane dare ba zai kai rabi ba. Ke nan mafi yawan abin da aka saya zai rasa ƙarfi kafin a kai gare shi. Da a kwalba mai famfo wadda iska ba ta shiga aka zuba shi, ko a rabin wannan girman, da ya fi. Ga kuma halin wutar lantarki: a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, firji kuma sai an ga dama. Idan firjin ba abin dogaro ba ne, a bar kwalbar a cikin kwalinta, a sa ta a ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da banɗaki, kada kuma a bar ta a jaka ko a mota. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. Don kada a yi asara da yawa, idan fuska ta saba a ƙara ɗigo biyu don bayan hannu, inda tsufa ke saurin nunawa, da ɗigo ɗaya don wuya sau ɗaya ko biyu a mako, domin fatar wuya ta fi ta fuska saurin tashi. Sabon mai garai-garai yake ko da ɗan rawaya kaɗan. Idan launin ya yi duhu ko ya fara warin tsohon mai, ya gama aiki.

Wannan matsala tana farawa tun kafin kaya ya iso hannu. Kwalbar da ta yi watanni a kan tebur a rana a kasuwa, ko a shago mai rufin kwano ba iska, wataƙila ta gaske ce amma ƙarfinta ya tafi. Ga jabu kuma, domin The Ordinary na cikin sunayen da ake yawan kwaikwayo. A sayi wanda ke cikin kwalinsa, rubutunsa ya fito tsaf ba kuskuren harafi, lambar rukunin da aka buga tana nan ba a kankare ba. Na gaske mai ne: idan aka ɗiga shi ya zama tsararo irin na ruwa, ko ya yi fari, ko yana ƙamshin turare, ba shi ba ne. Babban kantin magani ko shagon kayan fata mai na'urar sanyaya ɗaki ya fi mai kawowa da ba a san inda take ajiye kayanta ba, ko da an ƙara wani abu a kan kuɗin.

Wanda zai fi cin moriyarsa shi ne mai shekara talatin da wani abu zuwa sama, mai busasshiyar fata ko matsakaiciya, mai ƙananan layuka da tabo jefi-jefi, wanda ke da wurin ajiya mai sanyi kuma ya yarda zai shafa man kare rana kowace safiya. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje, jel ɗin adafalen, wanda shi ma dangin bitamin A ne, mai ƙarfin 0.1% zai fi yi masa daidai: ba shi da maiƙo, yana jure haske da iska fiye da retinol, sai dai don ƙuraje aka amince da shi kuma hujjarsa a kan tamoji ba ta kai ta tiretinoyin ba. Wanda kuma ya yi wata shida zuwa shekara a kan 0.5% yana son ƙari, maimakon ya hau 1% gara ya je wurin likitan fata ya rubuta masa tiretinoyin mai 0.025%, a bututun da iska ba ta wasa da shi, ya kuma fara shi da dare biyu a mako kamar yadda ya fara wannan.